Tsakanin Yashi Da Taru

Kalmomi goma sha biyu na jera a takarda:
gada, kifi, yashi, taru,
kwalekwale, fatsa, gaɓa, ambaliya, da sauransu.
Uwarsu duka na ɓoye da gangan,
ban rubuta "kogi" ba.

Na bi Kakuri gida-gida,
layin tsofaffin ma'aikatan masaƙa,
inda injuna suka daɗe da yin shiru
amma kunnuwa ba su daina jin ƙuginsu ba.
In karanta, mu sha shayi, mu koka da tsadar masara,
can in ce: Baba, me ka ji na faɗa?

Kogi, in ji na farko.
Kogi, in ji na bakwai, har da rantsuwa.
Ina ta kaftawa, zuciyata fari ƙal,
abin da na zo nema ga shi a bakin mutane:
ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce, magina ce,
inda tubali ya ɓace sai ta cusa laka, ta shafe,
ta ce tun asali haka bangon yake.

Ran Laraba na isa zauren Baba Mantau.
Shi ma ya ce kogi.
Na yi masa bayani da ladabin 'yan boko,
cewa ransa ne ya saƙa masa.
Ya ajiye kofi.
"Shekara ashirin da shida ina sauraron zare.
In guda ya tsinke cikin dubu, kunnena ke riga idona sani.
Kin faɗa, yarinya. Tsakanin yashi da taru."
Na yi murmushin mai jiran digiri,
na sa masa alamar kuskure da jan biro.

Da dare a Unguwar Rimi an ɗauke wuta.
Na kunna rikoda don in ƙirga nasarata,
sai ga muryata, tar, babu ko gargada:
gada, kifi, yashi,
kogi,
taru.

Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Na zo auna ramin wasu da igiya,
ashe igiyar ma a rame take.

Mutum ɗaya ne, in ji wata murya a ƙirjina.
Goge shi, wa zai sani?

Dakta Ladidi ba ta ɗago daga allon kwamfutarta ba.
"Mutum nawa?"
Arba'in.
"Je ki saurari arba'in ɗin.
Hujjar da ba za ta iya kunyata ki ba
ba shaida ba ce, 'yar amshi ce."

Kwana tara ina jin kaina kamar baƙuwa.
Sau uku harshena ya zame.
Cikin talatin da bakwai da suka rage
ashirin da ɗaya sun ji abin da ba a faɗa ba.
Zatona ya tsira, amma ya rame,
rigar da na ɗinka masa ta yi masa yawa.

A kan gada, cikin cunkoson yamma,
na leƙa ruwan ta tagar bas.
Wai da kada ya yi yawa a nan har ya ba garin suna.
Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba.
Ruwa kawai na gani ya motsa:
ko kada, ko kututture, ko iska.
Haka aikin namu yake.
Ba mai nutsewa cikin kan mutum ya fito da tunani a hannu,
muna bakin gaɓa ne muna ƙirga motsi,
mai ƙirgar ma ruwa ne.

Na koma da goro, in ba shi haƙuri.
Ya daɗe yana kallona, bai gane ni ba.
Na faɗi sunana, ya girgiza kai.
Na ce, mai takardar nan, mai kalmomi.

"Af," ya ce, yana ɓare goron.
"Tsakanin yashi da taru."